Kanar Wolfgang Thimmig: Maharbin Dare da Ya Shugabanci Mayaƙan Saman Nijeriya

Gabatarwa

Duk wanda ya duba jerin sunayen mutanen da suka shugabanci Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya tun kafuwarta zai tarar da abin mamaki a farkon jerin, domin sunaye biyun da suka buɗe shi na Jamusawa ne. Na farko shi ne Kanar Gerhard Kahtz, wanda ya riƙe ragamar daga 1963 zuwa 1965. Na biyu kuwa shi ne Kanar Wolfgang Thimmig, wanda wasu takardun Nijeriya kan rubuta sunansa Timming. Shi wannan na biyun, shekara 20 kafin zuwansa ƙasar nan, matuƙin jirgin yaƙi ne a rundunar Hitila, inda ya kakkaɓo jiragen abokan gaba 24, kusan dukkansu cikin duhun dare.

Tambayar da ya kamata ta fara zuwa wa ɗalibin kimiyya ita ce: ta yaya mutum zai gano wani jirgi a sararin sama da tsakar dare, ba fitila, ba farin wata, har ya kai ga harbinsa? Amsar tana cikin darussan Fiziks da Bayoloji da ake koyarwa a makarantun sakandare na Funtuwa da Malumfashi da sauran garuruwa. Wannan maƙala za ta bi tarihin aikin sojan Thimmig daki-daki, ta bayyana kimiyyar da nasararsa ta dogara a kanta, sannan ta nuna abin da ɗan gajeren zamansa a Nijeriya yake koyarwa game da yadda ake gina rundunar sama.

Wane ne Gwarzon Sama?

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato 1914 zuwa 1918, jaridun Faransa suka fara yi wa matuƙin da ya harbo jirage da yawa laƙabi da “as”, sunan katin da ya fi kowane daraja a wasan karta. Daga baya aka daidaita a kan cewa duk wanda ya kakkaɓo jirage 5 ko fiye ya cancanci wannan laƙabi. A Hausance ana iya kiransa gwarzon sama.

Idan aka auna Thimmig da wannan ma'auni, ya zarce shi kusan sau 5. Amma a cikin 'yan'uwansa Jamusawa ba ya sahun gaba. Erich Hartmann, wanda ya yi yaƙinsa da rana, an lasafta masa jirage 352, shi kuwa Heinz-Wolfgang Schnaufer ya harbo 121 da dare. Abin da ya sa sunan Thimmig ya shiga tarihi shi ne shugabancin da ya yi wa manyan rundunonin maharban dare guda biyu, da kuma aikin da aka ba shi a Nijeriya daga baya.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da wuri. Gwamnatin da Thimmig ya yi wa yaƙi ita ce ta 'yan Nazi, wadda ta tayar da Yaƙin Duniya na Biyu da mamaye Polan ranar 1 ga Satumba, 1939, ta kuma hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 da wasu miliyoyin bayin Allah. Haka kuma kowane jirgin jefa bom da aka kakkaɓo yana ɗauke da samari 5 zuwa 7. Ke nan a bayan lambar nan ta 24 akwai mutane fiye da 100, waɗansu suka mutu, waɗansu suka diro da laima aka kama su. Nazarin fasahar yaƙi ba ya nufin yabon yaƙi.

Yadda Yaƙi Ya Koma Dare

An haifi Wolfgang Thimmig a birnin Dresden ranar 4 ga Oktoba, 1912, saboda haka yana da shekara 26 lokacin da yaƙi ya ɓarke. A farkon yaƙin, hafsoshin Birtaniya sun ɗauka jiragensu na jefa bom za su iya kare kansu da rana tsaka. Ranar 18 ga Disamba, 1939, suka gane kurensu. Jirage 22 ƙirar Wellington suka isa gaɓar tekun arewacin Jamus, wata na'ura ta hango su tun daga nesa, jiragen farauta suka tare su suka harbo 12. Daga nan Birtaniya ta mayar da yawancin hare-harenta cikin dare.

Duhu ya kare maharan, amma ya makantar da su su ma. Wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta yi a 1941 ya nuna cewa a cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne kawai ya kusanci inda aka aike shi da nisan kilomita 8. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma ruwan bom a kan birane ɗungurungum, da masana'antu da gidajen jama'a baki ɗaya.

Jamus kuwa ta kafa rundunarta ta farko ta maharban dare a watan Yunin 1940, wadda ake taƙaita sunanta da NJG 1. A cikinta Thimmig ya yi suna. Zuwa 1942 an ba shi jagorancin rukuninta na uku, mai jirage kimanin 30, wanda ke da sansani a Twente ta ƙasar Holan, a kan hanyar da jiragen Birtaniya ke bi zuwa yankin masana'antun Jamus. Jirgin da suka fi amfani da shi a lokacin shi ne Messerschmitt Bf 110, mai inji biyu, wanda ke ɗaukar mutum biyu ko uku.

Ido da Duhu

Makamin maharbin dare na farko shi ne idonsa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi iri biyu. Akwai masu siffar mazurari, waɗanda ke bambance launi, amma sai da haske sosai suke aiki. Akwai kuma masu siffar sanda, waɗanda ba su san launi ba, amma ɗan haske kaɗan ya ishe su. Masu siffar mazurari sun taru ne a tsakiyar tantanin, masu siffar sanda kuwa sun fi yawa a gefe. Shi ya sa akan koya wa matuƙan dare kada su ƙura wa abu ido kai-tsaye, su dubi ɗan gefensa. Ɗalibi zai iya gwada wannan da tauraro mai dishi-dishi: in ya dube shi sosai sai ya ɓace, in ya kau da ido kaɗan sai ya dawo.

Ƙwayoyin nan masu siffar sanda sukan ɗauki kimanin minti 30 kafin su saba da duhu sosai, amma walƙiyar fitila ɗaya ta isa ta ɓata wannan shiri. Saboda haka matuƙa kan zauna a ɗaki mai duhu, ko mai jan haske, kafin a kira su, domin jan haske bai cika damun ƙwayoyin ba. Sinadarin da suke aiki da shi kuwa jiki yana haɗa shi ne daga bitamin A, wanda ake samu a hanta da manja da karas da zogale da gwanda da mangwaro. Rashinsa ne ke kawo dundumi.

A nan ne wani labari mai ban dariya ya samo asali. Lokacin da matuƙin Birtaniya John Cunningham ya fara harbo jiragen Jamus da dare, sai aka baza a jaridu cewa yawan cin karas ne ya ƙara masa gani. Gaskiyar maganar ita ce jirginsa na ɗauke da wata na'ura da ake ɓoye sirrinta. Karas na maganin dundumi, amma ba ya sa mai lafiyar ido ya ga jirgi daga nisan kilomita 3 a daren da babu wata.

Rada: Amsa-kuwwar Igiyoyin Rediyo

Na'urar da ake ɓoyewa ita ce rada, kuma tushen aikinta sananne ne ga duk yaron da ya taɓa yin kiwo a gindin dutse. Idan ya ƙwala kira, muryarsa takan bugi dutsen ta dawo masa. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya. In amsa-kuwwar ta dawo bayan sakan 2, to sautin ya yi tafiyar mita 680, zuwa da dawowa, ke nan dutsen na nisan mita 340. Da wannan hikima ce Allah ya hore wa jemage kama ƙwari cikin duhu. Ƙa'idar a taƙaice ita ce:

nisa = (sauri × lokaci) ÷ 2

Rada tana aiki da wannan ƙa'ida, sai dai maimakon sauti tana aika igiyoyin rediyo, waɗanda ke gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Tun wajejen 1887 masanin Jamus Heinrich Hertz ya nuna cewa waɗannan igiyoyi sukan bugi ƙarfe su dawo. A 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar na'urar gano jiragen ruwa cikin hazo. A watan Fabrairun 1935 kuma Robert Watson-Watt ya gwada wa hukumomin Birtaniya cewa ana iya gano jirgin sama ta wannan hanya.

A ƙaddara akwai tashar rada a Funtuwa, ga kuma jirgi yana shawagi a kan Malumfashi. Tsakanin garuruwan biyu, in an miƙe ta sama, kimanin kilomita 45 ne. Igiyar za ta yi tafiyar kilomita 90, zuwa da dawowa. In aka raba 90 da 300,000 sai a sami 0.0003, wato kashi 3 cikin 10,000 na sakan ɗaya. Babu agogon hannu da zai auna wannan, don haka akan mayar da lokacin ya zama ɗigon haske a kan allon gilashi, inda matsayin ɗigon ke nuna nisan jirgin. Inda eriya ta fuskanta kuma shi ke nuna ɓangaren da yake.

Shingen Kammhuber

Janar Josef Kammhuber shi ne ya tsara yadda Jamus za ta yi amfani da rada wajen tsaron dare. Ya yanka sararin samaniya gida-gida, tun daga Denmak har cikin Faransa, kamar yadda ake yanka gandu a ba kowane yanki mai tsaronsa. Kowane gida yana da tsawon kimanin kilomita 32 da faɗin kilomita 20. A cikinsa akwai rada ɗaya mai hangen nesa, mai suna Freya, wadda ke gano jirgi daga nisan fiye da kilomita 100. Akwai kuma wasu biyu masu suna Würzburg, masu eriya kamar ƙaton faranti: ɗaya tana bin jirgin abokan gaba, ɗaya tana bin jirgin maharbi.

Ma'aikata a ƙasa suna karanta alkaluman da na'urorin ke bayarwa, suna aikawa ta waya zuwa wani ɗaki, inda ake haska ɗigo biyu masu launi daban-daban a kan teburin gilashi. Wani hafsa yana duban ɗigon nan biyu yana yi wa matuƙi magana ta rediyo, ya ce masa ya karkata dama, ko ya ƙara sama, har su kusanci juna. Daga 1942 aka fara ɗora wa jiragen kansu ƙaramar rada mai suna Lichtenstein, wadda ke gani zuwa kilomita 3 ko 4. Mai kula da ita yana zaune a bayan matuƙi, shi ke yi masa jagora a zangon ƙarshe, har ya hango inuwar jirgin ko tartsatsin wutar injinsa.

Idan aka lura, matuƙi shi ne na ƙarshe a cikin doguwar sarƙa. Kafin ya danna kunama, injiniyoyi sun ƙera na'ura, makanikai sun gyara inji, masu rada sun auna nisa, masu waya sun isar da saƙo, hafsan ƙasa ya yi lissafi. Jarida kan buga hoton mutum ɗaya, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙarƙashin wannan tsari ne Thimmig ya sami yawancin nasarorinsa.

Ƙaiƙayin Ƙarfe

Tsarin Kammhuber yana da rauni babba: kowane gida jirgi ɗaya yake iya fuskanta a lokaci guda. Manomin dawa ya san cewa mai tsaro ɗaya zai iya korar kurciya biyu ko uku, amma in garken jan-baki ya sauko, sai dai kallo. Dabarar da Birtaniya ta ɗauka ke nan. A daren 30 ga Mayu, 1942, ta aika jirage 1,047 zuwa birnin Kolon, suka bi ta ƙunƙuntar hanya ɗaya a cunkushe, suka gama aikinsu cikin kimanin minti 90.

Bugu na biyu ya fi wannan muni, kuma Fiziks ne tsantsa. Masu sauraren rediyo sun saba jin ana cewa mita 49 ko mita 31 a gajeren zango. Wannan lamba tsawon igiyar tashar ce. Igiyar radar Würzburg ba ta wuce santimita 53 ba. Masana sun san cewa siririn ƙarfe mai rabin tsawon igiya yakan amsa mata da ƙarfi, kamar yadda tsirkiya kan motsa in aka kaɗa wata mai sauti irin nata kusa da ita. Saboda haka Birtaniya ta yanka takardu masu rufin alminiyam, kowace santimita 27, ta ɗaure su dami-dami. A daren 24 ga Yuli, 1943, jirage 791 suka nufi Hamburg suna watsa su a iska. Allunan radar Jamus suka cika da dubban ɗigo, neman jirgi a ciki ya zama kamar neman ƙwayar gero ɗaya cikin ƙaiƙayi ranar shiƙa. Jirage 12 kacal aka harbo a daren. Cikin kwana 10 da suka biyo baya, mutum kusan 40,000 suka mutu a birnin.

Daga Matuƙi Zuwa Kwamanda

Wata uku bayan wannan, a Oktoban 1943, aka naɗa Thimmig kwamandan runduna ta 4, wato NJG 4, wadda ke da sansanoni a Beljiyam da arewacin Faransa. Aikin kwamanda daban yake da na matuƙi. Shi ne zai tabbatar an horar da sababbin yara, an sami mai da kayan gyara, an kuma koyi sababbin na'urori da dabaru cikin gaggawa. A wannan lokaci Jamus ta fito da sabuwar rada mai suna SN-2, mai igiyar da ta haura mita 3, wadda gajerun takardun nan ba su dame ta ba. Aka kuma daina tsare maharba a gidajensu, aka riƙa cusa su cikin ayarin abokan gaba su bi shi suna harbi. A daren 30 ga Maris, 1944, cikin jirage 795 da aka aika Nuremberg, 95 ba su koma gida ba. Wannan ita ce asara mafi girma da jiragen jefa bom na Birtaniya suka yi a dare ɗaya.

Nasarar ba ta daɗe ba. A watan Yunin 1944 sojojin ƙawance suka sauka a Faransa, tashoshin rada na gaɓar teku suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuli wani matuƙin Jamus ya yi ɓatan kai ya sauka a Ingila da sabuwar radar a jirginsa, nan da nan aka yanka takardu masu tsawon da ya dace da ita. Aka kuma ragargaza matatun mai, har jirage suka riƙa kwana a ƙasa don rashin abin da za su sha. A watan Nuwamba Thimmig ya miƙa rundunar ga Schnaufer, wanda ke da shekara 22 a lokacin. A Fabrairun 1945 aka ba shi runduna ta 2, wato NJG 2. 'Yan kwanaki bayan haka, daga daren 13 ga watan, aka ƙone Dresden, garin haihuwarsa, inda mutum kusan 25,000 suka hallaka, maharban dare kuwa ba su iya taɓuka kome ba. Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu, Thimmig yana da muƙamin Laftanar-Kanar. Gwanayen matuƙa suna nan, amma sarƙar da ke riƙe da su ta tsinke.

Daga Jamus Zuwa Nijeriya

Shekara 10 Jamus ta yi ba ta da soja. A 1955 Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, a 1956 kuma ta kafa sabuwar rundunar sama, wadda Janar Kammhuber ɗin nan ya zama shugabanta. Thimmig ya shiga cikinta a shekarar. Daga 1959 zuwa 1963 ya yi aikin wakilin soja a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Suwidin.

Ita kuwa Nijeriya, a lokacin yaƙin tana ɓangaren Birtaniya. Samarin Arewa da yawa sun yi yaƙi a Bama, kuma filin jirgin saman Kano zango ne a kan hanyar da dubban jiragen yaƙi suka bi daga Takoradi zuwa Masar. To, yaya aka yi tsohon abokin gaba ya zama malami? Bayan samun mulkin kai a 1960, sojojin Nijeriya sun je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, kuma a jiragen wasu ƙasashe aka riƙa jigilarsu. Wannan ya nuna wa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa bukatar mallakar rundunar sama. A Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Birtaniya bayan zanga-zangar ɗalibai, sai Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu ya nemi taimako a wasu wurare. A 1962 aka aika samari 10 koyon tuƙi a Habasha, a 1963 aka aika 16 Kanada, 6 kuma Indiya. A shekarar ce aka ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Yamma, ta turo ayarin ƙwararru ƙarƙashin Kanar Kahtz. Majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar a watan Afrilun 1964.

Thimmig ya karɓi ragama a watan Nuwamban 1965, zamanin da Alhaji Inuwa Wada ke Ministan Tsaro. Rundunar da ya tarar jaririya ce. Jiragenta ƙanana ne masu farfela, irin su Piaggio P.149D na koyon tuƙi da Dornier Do 27 na ƙananan aike-aike, horarwa kuma a Kaduna ake yin ta. Bai fi wata biyu a kan kujerar ba aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato da wasu shugabanni a cikinsa. Kwanaki kaɗan bayan haka shugabancin Jamusawa ya ƙare, aka miƙa rundunar ga George Kurubo, wanda hafsan sojan ƙasa ne. Thimmig ya rasu a birnin Stockholm ranar 6 ga Nuwamba, 1976.

Darasin Uli

A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar kuwa ba ta da jirgin yaƙi na sosai. Cikin gaggawa aka sayo jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet, waɗanda aka sauke a Kano, da L-29 na Cekosulobakiya. Da yake 'yan ƙasa ƙalilan ne suka iya tuƙa su, sai da aka nemo matuƙa daga Masar da wasu ƙasashe. Shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, wanda ya sami horo a Jamus, ya rasu a hatsarin jirgin L-29 da yake tuƙawa da kansa a Uzebba ranar 15 ga Oktoba, 1969.

Abin lura ga wannan darasi shi ne abin da ya faru a Uli. Bayan da Biyafara ta rasa manyan filayen jirginta a 1968, sai ta faɗaɗa wani yanki na titin mota ta mayar da shi filin sauka. Jiragen da ke kai abinci da magani ga masu fama da yunwa, da kuma masu kai makamai, da dare suke zuwa, ana kunna musu fitilu na ɗan lokaci kaɗan kafin su taɓa ƙasa. Sun yi dubban sauka har zuwa ƙarshen yaƙin a Janairun 1970. Jiragen MiG-17 da Nijeriya ke da su na rana ne, ba su da radar farautar dare, babu kuma sarƙar tashoshi da ƙwararrun da za su yi musu jagora daga ƙasa. Ƙasar da gwanin yaƙin dare ya shugabanci rundunarta shekara biyu da suka wuce, ga ta ba ta gani da dare. Ilimin da ke kan mutum ɗaya yakan tafi tare da shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya tsaya a ƙasa shi ne abin da aka koyar. John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin samarin da aka aika Habasha a 1962, shi ne ya zama shugaban rundunar a 1975, na farko da ya tashi a cikinta tun daga tushe. A Kaduna aka harhaɗa jiragen koyo masu suna Air Beetle tare da haɗin gwiwar kamfanin Dornier. A can ne kuma aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi guda biyu masu sunayen Hausa: Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018.

Kammalawa

Tarihin Thimmig ya nuna cewa ƙarfin rundunar sama yana ga yawan mutanen da suka fahimci igiyar rediyo da inji da lissafi, da kuma tsarin da ya haɗa su wuri ɗaya. Wannan magana ta shafi kudancin Jihar Katsina kai-tsaye. Tun wajejen 2019 manoman Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka saba jin rugugin jiragen yaƙi masu bin 'yan bindigar da suka hana su zuwa gona. Amfanin waɗannan jirage ya rataya ne a kan ingancin na'urorinsu da ƙwarewar masu karanta su, domin na'ura takan nuna cewa ga wani abu can, amma ba ta faɗin ko wane ne. Kuskuren da aka yi a Rann ta Jihar Borno a Janairun 2017, inda bom ya faɗa kan sansanin 'yan gudun hijira, ya isa shaida.

Ƙa'idar amsa-kuwwa kuwa ba ta tsaya ga yaƙi ba. Da ita ake yi wa jiragen alhazai jagora a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, da ita masana yanayi ke bin hadari, da irinta kuma, ta hanyar sauti, likita ke duba ɗan tayi a cikin uwarsa. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fage ba sai ya yi nisa ba. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, da Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama da ke can, duk tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Funtuwa ko Malumfashi. Ƙofar shiga dukkansu ɗaya ce, wato kyakkyawan sakamako a Lissafi da Fiziks.

Aikin Yi

1. Wani makiyayi ya ƙwala kira, ya ji amsa-kuwwa bayan sakan 3. Mita nawa ne tsakaninsa da dutsen?

2. Igiyar rada ta dawo bayan sakan 0.0008. Kilomita nawa ne nisan jirgin?

3. Jirgi mai gudun kilomita 360 a awa ɗaya, minti nawa zai ɗauka daga Malumfashi zuwa Funtuwa, in an ɗauki nisan a kilomita 45?

4. Wane tsawo ya kamata a yanka takardun alminiyam domin rikita radar da tsawon igiyarta mita 3 ne?

5. A daren da babu wata, ɗalibai su zauna waje na minti 30 ba tare da duban fitila ko allon waya ba. Su ƙirga taurarin da suke gani a wani yanki na sama a minti na farko, su sake ƙirgawa a minti na 30, sannan su kawo wa malami bayanin dalilin bambancin.